Sarkin Fawa Ungulu da Wuƙaƙensa Masu Tsatsa

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku!

"Ta iso, Inna, mu ji ta!"

To ku matso. Kai Gambo, ajiye wuƙar raken nan kafin ka raba kanka da yatsa. Labarin ma na danginta ne.

A can da, lokacin da dabbobi ke da garinsu da kasuwarsu, Sarkin Fawansu wani namijin ungulu ne. Kada ku dube shi yadda yake yanzu. A lokacin rawani gare shi fari ƙal, Zaki sarkin garin da kansa ya naɗa masa. In an yi yanka, cinya tasa ce, hanta tasa ce.

Wuƙaƙen aikinsa uku ne. Akwai barho na saran ƙashi. Akwai wuƙar yanka. Akwai wata 'yar siririyar wuƙar fiɗa da ya gada wajen ubansa, uban kuma ya gada wajen nasa uban. Kullum da safe sai ya zauna ya wasa su a dutse, shuu, shuu, ya goge su da kitse.

Ran nan ya bi ta wani kufai, ya tsinci tsohuwar wuƙa duk tsatsa ta cinye ta. Ya kawo gida ya rataye a zaure. Masu zuwa gaisuwa suka gani. Kun san masu zuwa gaida mahauci, ba fuskarsa suke so ba.

Suka ce, "Kai! Sarkin Fawa, wannan ai kayan mutanen da ne. Sai mai ido irin naka."

Shi ke nan, kai ya kumbura. Ya shiga tara tsofaffin wuƙaƙe. Mai ƙotar ƙahon barewa, ya rataye. Mai kuben fatar kada, ya rataye. Wadda ba ƙota ba kube, ita ma ya rataye. Bangon zaure ya cika taf. Duk baƙon da ya shigo, ba zai ga ko ƙashi ba sai ya ji tarihin kowace ɗaya. Kuma ya kafa doka: ba mai kai masa ko guda kusa da dutsen washi.

Ya ce, "Tsatsa ita ce furfurar wuƙa. Wa ya taɓa kankare wa dattijo furfura?"

Dila yana gefe yana ji. Shi kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan cinyar nan da rawanin nan. Sai ya zagaya bayan maƙerar Baba Kunkuru, inda ake zubar da ƙarafan da suka lalace. Ya tsinci guda, ya jiƙa a ruwan tsamiya da gishiri, ya binne a danshin bakin rafi kwana bakwai. Ya tono, ya sa mata ruɓaɓɓiyar ƙota, ya turara a hayaƙin murhu, ya naɗe a tsumma. Ya zo ƙofar Ungulu yana waƙa. In na ba ku waƙar, ku ce "ta tsufa".

Ƙasa ta ci, ruwa ya sha!

"Ta tsufa!"

Ba ta yanka ko tuwo!

"Ta tsufa!"

Ungulu ya leƙo. Ya ce, "Malam Dila, me ke cikin tsumma?"

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na sayarwa ba ne. Kallo kawai na kawo wa masani."

Ya buɗe. Ungulu ya miƙa wuya, ya shinshina, ya lumshe ido.

Dila ya ce, "Ka san kwaɗo ba shi da wutsiya?"

"Na sani."

"Wannan ce ta yanke ta."

Ungulu ya ce, "Wallahi tun daga nesa jikina ya ba ni! Me zan ba ka?"

Dila ya ce, "Ni ba na taɓa kuɗi a kan kayan tarihi. Sai dai wani abu yana damuna. Barhon nan naka mai ƙyalli, kamar na ɗan koyo, ba ya dacewa da babban mutum. Kawo in raba ka da abin kunya."

Ungulu ya miƙa barho har da godiya.

Bayan kwana bakwai Dila ya dawo da wani tsumman.

Ƙasa ta ci, ruwa ya sha!

"Ta tsufa!"

Ba ta yanka ko tuwo!

"Ta tsufa!"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka lura leɓen raƙumi a tsage yake?"

Ungulu ya dafe ƙirji. Ya ce, "Kada ka ce mini ita ce!"

"Tun da ka faɗa da bakinka, ni me zan ƙara? Dubi lanƙwasarta. Maƙeran yanzu sun iya wannan?"

"Ina! 'Yan yanzu ai sai kwaɓa."

Dila ya tafi da wuƙar yanka.

Saura me?

"Saura ta fiɗa!"

Saura ta fiɗa. Da Dila ya zo karo na uku, ko waƙar bai gama ba Ungulu ya fito ba takalmi. Wannan karon abin da ke cikin tsumman ya fi kama da busasshen ganye, don tsatsa har zuba take.

Dila ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Wannan ce aka yanke wa giwar farko cibiya da ita. Daga ita babu sauran tsufa."

Ungulu ya nuna cikin zaure. Ya ce, "Ɗauki goma a bango."

"Me zan yi da su? Waccan 'yar siririyar ta ƙugunka nake so, in riƙa yankan farce."

Nan fa Ungulu ya kai hannu ƙugu. Gaskiya abin ya taɓa masa zuciya. Ya zaro ta, ya dube ta. Ya tuna ubansa yana kama masa hannu a kanta ranar da ya fara fiɗa.

Ya ce, "Malam Dila, wannan ta kakana ce."

Dila ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kaka? Ranka ya daɗe, kaka ai jiya ne. Dube ta fa. Ko ɗigon tsatsa babu. Har fuskata nake gani a jikinta. In masana suka shigo zauren nan suka gan ta, me za ka ce musu? To, bari in kai wa Hankaka ta giwar, ya daɗe yana roƙona."

Ungulu ya ce, "Hankaka? Wannan da bai san wuƙa da cokali ba? Ungo!"

Ya miƙa wuƙar kakansa, ya rungumi tsumma.

Daga ranar Sarkin Fawa ya daina fita mahauta. Ya ce wa mutane yana nazari. Dutsen washi ya zama abin tokare ƙofa.

Ana nan, ana nan, sai matar Zaki ta haihu. Ɗa namiji, na fari. Al'adar garin kuwa, ranar suna ba a faɗin sunan jariri sai ragon suna ya faɗi, kuma Sarkin Fawa ne ke yanka shi da hannunsa a gaban jama'a, ya feɗe, a raba kafin rana ta take tsaka. Wanda ya kasa, ba shi ba rawani.

Ranar suna gari ya taru tun hantsi bai yi ba. Aka kayar da Rago, aka ɗaure. Sai ga Ungulu yana taƙama, an biyo shi da wuƙaƙe uku a kan faifai, an rufe da ƙyalle.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki! Ɗan sarki ba a yi masa yanka da ƙarfen jiya. Yau za ka ga kayan asali."

Zaki ya ce, "Mu dai mu ga nama."

Ungulu ya ɗauki mai wutsiyar kwaɗo. Sai da ya ba da tarihinta tukuna. Ya ɗora a wuyan Rago, ya goga. Ya goga. Ya goga.

Rago ya ce, "Sarkin Fawa, ɗan yi ƙasa kaɗan. Yauwa, nan ne ke yi mini ƙaiƙayi."

Jama'a suka kwashe da dariya. Ungulu ya danna da ƙarfi, wuƙa ta ce ƙaras, ta rabu biyu.

Ya ce, "Ta gaji ne. Shekaru ba wasa ba."

Ya ɗauki mai leɓen raƙumi. Ya goga. Ya goga. Ya goga.

Rago ya ce, "In aski za a yi, ai jariri ake yi wa, ba ni ba."

Wuƙa ta fice daga ƙota, ta yi tsalle ta faɗa cikin ƙwaryar kunu.

Zaki ya dubi rana, ya dubi Ungulu. Wutsiyarsa ta fara dukan ƙasa. Ya ce, "Sarkin Fawa, ɗana yana ciki ba suna."

Gumi ya jiƙe rawani. Ungulu ya buɗe tsumman ƙarshe da hannu biyu. Ya ce, "Wannan kam, ko giwa ta san ta." Ya ɗora. Ko gogawa bai yi ba ta ruguje, ta zube a wuyan Rago kamar garin barkono.

Rago ya ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Tun safe nake kwance, gefena ya mutu. In akwai mai wuƙa a garin nan ya zo mu rabu lafiya. In babu, ku kwance ni in je kiwo."

Sai Dila ya fito yana sunkuyar da kai, wai shi mai kunya. Ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, ni ba masani ba ne. Wasu 'yan tarkace ne gare ni masu ƙyalli. Ko a gwada?"

Wuƙar yanka, sau ɗaya. Aka faɗi sunan jariri, mata suka rangaɗa guɗa. 'Yar siririya ta shiga tsakanin fata da tsoka, fata ta sauka ko huji babu. Barho ya bi ƙashi. Kafin rana ta take tsaka kowa na riƙe da rabonsa.

Sai a lokacin Baba Kunkuru maƙeri ya iso. Tun asuba ya baro gida, kun san tafiyarsa. Shekarunsa kuwa ba wanda ya san adadinsu. Zaki ya sa aka tattaro masa gutsattsarin ƙarafan.

Ya ce, "Sarkin Maƙera, duba mana kayan asalin nan."

Kunkuru ya juya na farko. Ya ce, "Wannan aikina ne. Bara da damina ta tsage mini a wuta, na jefar bayan maƙera."

Aka tsamo na biyu daga kunu. Ya ce, "Wannan lauje ne. Ga ramin haƙoransa."

Ya shafa garin na uku a yatsa. Ya ce, "Wannan kuwa ko ni ban san ta ba. Amma ta fi kama da murfin tukunya."

Ungulu ya ce, "Baba, tsatsar fa? Dubi tsatsar!"

Kunkuru ya ce, "Ɗan nan, kawo mini sabon ƙarfe da ruwan tsamiya, in ba ka tsatsa nan da mako. Ko kana son ta giwa biyu?"

Sai idonsa ya faɗa kan 'yar siririyar da ke hannun Dila. Ya ajiye gutsattsarin. Ya ce, "Miƙo nan."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana dubawa, har idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Kun ga ɗigo uku a gindin ƙota? Alamar ubana ce. Ni na zuga masa wuta ranar da ya ƙera ta. Faɗinta ya kai yatsa uku a lokacin. Washi ne ya cinye ta ta koma haka, safiya bayan safiya. Ku dubi wannan kwarmin a ƙota. Ba sassaƙa ba ce, babban yatsan mutum uku ne ya ci wurin, kaka da ɗa da jika. Duk garin nan babu wuƙar da ta kai ta tsufa. Wane mai rabo ne ya ba ka ita, Dila?"

Dila ya ce, "Wani masani ne, Baba. Ya ce ba ta da furfura."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Ungulu ya miƙa hannu. Ya ce, "Malam Dila, ɗauki zauren duka. Ba ni ita."

Dila ya mayar da ita kube. Ya ce, "Haba, ranka ya daɗe. In raba masani da kayan tarihinsa?"

Zaki ya sa farce ɗaya ya warware rawanin daga kan Ungulu, ya jefa wa Dila. Kai ya fito tal a tsakiyar rana.

Shi ya sa har yau kan ungulu ba ko hula. Shi ya sa ba ya yanka, sai ya jira abu ya mutu da kansa ya yaga da baki. Kuma in kun je mahauta za ku gan shi a kan katanga, ya ƙura ido ba ya ko ƙiftawa. Mutane suna cewa nama yake kallo. Ku lura da kyau. Hannun mahauta yake bi da ido ɗaya bayan ɗaya, ko zai ga 'yar siririya mai ɗigo uku.

"Inna, ya gan ta?"

Bai gan ta ba, Lantana. Ba kuma zai gani ba.

Don haka in an ba ku abin hannun iyaye, ku riƙe shi, ku yi aiki da shi, ku goge shi. Tsohon abu na ƙwarai wurin da hannu ya ci ake dubawa a jikinsa. Tsatsa kuwa ko murfin tukunya yana da ita.

Ƙurunƙus, na ɗora a kan ɓera ya gudu da ita. In kun tsinci ƙarya a ciki, Dila ne ya binne ta. Gambo, miƙo wuƙar nan in gani. Kai, wannan ko Ungulu sai ya yi tayi. Gobe da safe ka kai ta dutse.