Furanni a Ƙahon Saniya

Dalilin da ya sa mutanen ƙauyukan tsaunukan Alps, can inda ake Jamusanci, suke yi wa shanunsu ado da furanni ranar saukowa daga kiwo, shi za ku ji yau. Ku matso, kai kuma bar mintsinin ƙanenka.

A da can ba a yin haka. Idan ƙanƙara ta narke, kowane gida sai ya damƙa wa makiyayin gari shanunsa, ya hau da su kan tsauni inda ciyawa take. Ba a sake jin ɗuriyarsu sai sanyi ya kusa dawowa. Hanyar kuwa ta cika kwana-kwana, ana hango garken tun da hantsi, amma ba ya isowa gari sai yamma.

A wani ƙauye akwai wata tsohuwa mai suna Afra, tana da jar saniya ɗaya tal. Cukun da take yi da nonon saniyar nan ne abincinta ita da jikokinta idan ƙanƙara ta toshe hanya. Wata shekara ta hango garke, ta duba ta sake dubawa, ba ta ga ja ba. Tsohuwa ta kama hawan dutse da gudu, santsi ya kwashe ta, ta yi targaɗe. Ashe saniyar tana can baya, ta tsaya cin ciyawa abinta.

Da makiyayin, Kassian, ya zo gaishe ta, ta yi masa tas.

"Kai dai ba ka da tausayi! Wuni guda kana saukowa, mu kuma gabanmu na ta faɗuwa."

"To Inna, ya zan yi? Ko na yi ihu, iska ce za ta kwashe."

"Muryarka ba ta kawowa, amma ai muna da ido. Idan duk suna raye, ɗaura furanni a ƙahon wadda ke gaba. Idan an rasa ko ɗaya ce, sauko da su haka nan."

Kassian ya ce ya ji. Shi kuwa, abin da nake yaba masa ke nan, ba ya magana biyu.

Aka yi shekaru ana hango furanni ana shewa. Sai wata shekara garke ya ɓullo, ƙaho fayau. Kowa ya sha jinin jikinsa, kowa yana cewa a ransa tasa ce. Afra ta tsaya riƙe da hannun jikokinta, wunin nan ko ruwa bai ratsa maƙogwaronta ba.

Da suka iso, Kassian bai yi kewaye-kewaye ba. Ya cire hula, ya zo gabanta.

"Inna, gajimare ne ya rufe mu. Jar saniyarki ta zame ta faɗa kwazazzabo."

Afra ta zauna a ƙasa daɓas. Ƙaramin jikan ya ce, "Kaka, to me za mu ci?" Ta jawo shi jikinta.

Akwai wani maƙwabcinta, Gallus, marowacin da ko kaza ba ta tsintar komai a ƙofarsa. Sai ga shi ya ratso mutane yana jan karsana.

"Ungo, Afra. Tun hantsi nake kukan tawa, na san yadda abin yake. Karɓi kafin na canja shawara!"

Aka yi dariya, hawaye na zuba. Kafin rana ta faɗi, babu gidan da bai aiko mata da cuku ba, domin babu gidan da bai ɗanɗani rashin nan ba tun safe.

Shi ya sa har wa yau, shekarar da kiwo ya ƙare lafiya, shanunsu kan sauko da furanni a ka. Shekarar da aka yi rashi kuwa, ko da na gida ɗaya ne, duk garken ne yake saukowa ba ado.