Kyallu da Gefen Reshe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Inna.

An yi wata 'yar tsattsewa, sunanta Kyallu. Danginta ba sa cin tsaba, ƙwari suke cafkewa a sama. In sanyi ya sauko sai su jeru a reshen gawo, fiffike jikin fiffike. Al'adarsu kuwa, ta gefe in ta sha iska sai ta koma tsakiya, wata ta fito ta karɓe ta.

Sai aka yi malka, kwana uku ruwa bai ɗauke ba.

Ranar farko aka ce, "Kyallu, fito gefe." Ta ce, "Wayyo, fiffikena!" Wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta ce, "Ku bar yarinya, ni na zauna."

Rana ta biyu, "Wayyo, fiffikena!" Iya ta zauna.

Rana ta uku ma haka. Kyallu tana can tsakiya cikin ɗumi, tana cewa a ranta, ai wayo ma baiwa ce.

Da gari ya waye ruwa ya ɗauke, shinge ya taso daga suri kamar hayaƙi. Kowa ya yi fir, Kyallu ce ma a gaba. Ta ci ta ƙoshi, ta waiwayo, sai ta hango Iya ita kaɗai a reshe, jiƙe sharkaf.

"Iya, taso mana, ga abinci!"

"Fiffiken ya ƙi buɗuwa, 'yar nan. Naki dai na ga ya warke."

Kyallu ta sunkuyar da kai. "Dama kin sani?"

"Tun ranar farko."

"To, me ya hana ki tona ni?"

"Da sun kore ki daga reshe. Ƙanƙanuwa kamarki, ina za ki kai safe?"

Iya ta rayu, Allah bai karɓi ranta ba, amma ba ta ƙara tashi sama ba. Kullum Kyallu ke kamo ƙwari tana sa mata a baki. Da yamma kuma, kafin a kira suna, ta riga ta zauna a gefe.

To, 'ya'yana, duk ɗumin da kuka ji, ku duba wa ya tare muku iska, ku gode masa, ku gode wa Allah.

Ƙurunƙus kan ɗan shinge. Ku yi addu'a, a ja wa auta mayafi.