Fitilar da Aka Hana Yin Inuwa

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, ana ce masa Jafaru. Sana'arsa zana ɗakuna a kwamfuta. Ku saurara, ba zanen fensir nake nufi ba. Falo zai ƙera maka a cikin na'ura, ya jera kujeru, ya kunna fitila, in ka gani sai ka rantse hoto aka ɗauka. Yana aiki a ƙarƙashin wani mai gina gidajen sayarwa, Alhaji Tanimu.

Wata rana wani ɗan garin da ke aiki a ƙasar waje ya bugo waya, zai saya wa mahaifiyarsa gida. Ya ce, "Alhaji, tsohuwata tana da dundumi, da magariba ta yi ba ta gani sosai. Ba a gama gidan ba, ni kuma ba na kusa. A zana min falon yadda zai kasance da dare, in ga ko za ta iya zirga-zirga a ciki."

Jafaru ya je ya duba gidan. Ashe magina sun yi kuskure, falon ya fi hanyar banɗaki tudu da kamar tafin hannu, ga tayil iri ɗaya sama da ƙasa. Ya dawo ya zana abin da ya gani. Ya sa ƙwan fitila a tsakiyar silin, daidai inda aka ja waya, ya shigo da ɗan farin wata ta taga. Sai inuwa ta kwanta a gindin tudun nan, baƙa wuluk, duk mai ido zai gane akwai matakala.

Alhaji ya leƙa ya ce, "Wannan baƙin layin fa?"

"Inuwar matakalar ce, ranka ya daɗe."

"Cire ta."

Jama'a, a cikin na'urar nan ana iya hana fitila yin inuwa. Dannawa ɗaya ce! Jafaru ya ce, "Alhaji, in na cire, matakalar za ta ɓace a zane, amma tana nan a gida. A fasa wurin a daidaita, sai in sake zanen."

"Tayil ɗin da na shimfiɗa zan fasa? Wa ya ce ka yi ƙarya? Fitila kawai za ka gyara."

Kun ji fa! Wai fitila kawai! Jafaru ya ce, "Wallahi ba da hannuna ba. A ba ni lambar ɗan tsohuwar in gaya masa." Aka hana shi lambar, aka karɓe kwamfutar, aka nuna masa ƙofa, alhali yana da iyali. Abokan aikinsa ma dariya suka yi masa, wai mutum ya rasa abincinsa a kan inuwa. Ɗaya daga cikinsu ya zauna ya danna, falo ya fito sumul, ɗan ya gani ya saya.

Kuna jira in ce Jafaru ya yi arziki? Bai yi ba, ya sha wuya kafin ya sami wani aiki. Tsohuwar nan kuwa, tarewarta ke da wuya ta tashi yin alwalar isha'i, ta taka inda take zaton ƙasa ce, ta faɗi ta karya ƙugu. Ba ta sake takawa da ƙafarta ba har ta koma ga Allah. Masu zuwa dubiya suna ta cewa tsautsayi ne. Wane irin tsautsayi? Mutum ne ya danna da yatsansa!

To ku saurara. Ɓoye aibi ha'inci ne, ko da bakinka bai furta ƙarya ba. Kai mai ɗaukar hoton mota ta gefen da ba ta lotse ba, ke mai juya atamfa don kada tabo ya fito a waya, kai dillalin da ba ka kai mai haya ganin ɗaki sai da rani saboda rufin yana yoyo, duk fitilar nan kuke gyarawa. Abin da kuka ɓoye yana nan inda yake, kuma uwar wani ce za ta taka shi a cikin duhu. Ku ji tsoron Allah, ku bar wa mai saye inuwarsa ya gani.