Kwalabe Arba'in na Evelio

Wa ya aike ku tambayar abin da ya sa ba na gaisawa da ƙanena Evelio? Yaran yanzu ba ku da ta-ido. To, ku zauna, sau ɗaya zan faɗa.

Evelio ya fi kowa iya su a ƙauyen nan, amma tun yana ƙarami ba ya jure jin an yabi wani. Wata shekara Malama Yadira ta zo daga jami'a saboda wani babban kifin teku, shak mai kan guduma, wanda ke haihuwa a bakin koginmu, inda ya haɗu da teku. Ta ce uwarsu takan koma inda aka haife ta ta haihu. In jinin kifin namu ya bambanta da na sauran wurare, to in sun ƙare babu masu maye gurbinsu, don haka hukuma za ta hana manyan jiragen kamun kifi shiga wajen. Ban taɓa shiga aji ba, amma na gane sarai.

Aikin ba wuya. A kama ɗan kifin, a yanki ƙiris a fiffikensa, a jefa a kwalba, a sake shi da rai. Ta zaɓi kwalekwalen maƙwabcinmu Aristides, don ba shi da gaggawa. Ran nan Evelio ko shinkafar kwakwa bai taɓa ba.

"Aristides fa, Yaya," in ji shi. "Mutumin da kaguwa ke tsere wa. Har hula Malama ta ba shi."

"Ci abincinka," na ce. "Kanka ne ba shi da hula, ko zuciyarka?"

A wata guda Aristides ya cika kwalabe tara. Evelio ya roƙi Malama kwalabe, wai zai taimaka. Cikin kwana huɗu ya kawo arba'in. Ashe tashar birni ya je, inda jirage ke sauke kifin da suka kamo can nesa, ya yi ta yanka, ya ce duk na bakin koginmu ne.

Malama ta yaba masa a gaban jama'a. Ya dubi Aristides ya ce, "Aboki, in kana son darasi, ka zo da kujerarka."

Sakamako ya nuna wai namu gauraye suke da na ko'ina. Aka kare wata gaɓar, aka bar tamu a buɗe. Jirage suka shekara biyu suna share ruwan da taru. Da Malama ta dawo ta sake gwaji da hannunta, kwana ashirin tana nema, 'ya'ya uku kacal ta samu, kuma jininsu daban ne. Ta tsare Evelio da tambaya, ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Kifin da muke ci ma ya tafi tare da shak ɗin. Shi ya sa ubanku ke dako a birni.

Ku ji da kyau: in aka ba wani aiki ba kai ba, ka riƙe naka ka yi shiru. Mai hassada mutum ɗaya yake nufi da sharri, amma gari guda ke kwana da yunwa. Ku tashi, ku wanke ƙafa, kowa ya kwanta.