Ƙyauren Gidan Ramatu

An yi wani mutum a Ƙofar Doka da ya yi wa marayu rantsuwar ƙarya a kan ƙyauren gidansu. Ba zan faɗi sunansa ba. 'Ya'yansa suna raye.

Allah ya ba shi ido a kan tsohon katako. In ya shafa kujera ko gado ko akushi, ya shinshina, sai ya faɗa maka itacen da zamanin da aka sassaƙa shi. Saran gizago daban, yankan inji daban, ba a ruɗinsa. Lokacin nan Turawa da dillalan Kaduna suna yawo cikin birni, suna neman kayan da muke jefarwa bayan ɗaki. Shi ne idonsu.

Shi ne kuma idonmu. In za a raba gado, shi ake kira ya yi wa kayan gida kima. Abin da ya faɗa ya zauna, ba a neman bakin wani.

Wani maƙeri ya rasu, ya bar matarsa Ramatu da yara ƙanana. Abin kirki ɗaya ne a gidan, ƙyauren zaure. Maɗaci ne falle guda, kakan mamacin ya sassaƙa. Mutumin nan ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya ce gara ta cinye cikinsa, wata rana zai faɗo wa yaro. Ya rantse. Ya ɗauke shi a kuɗin itacen girki, har da yi masa godiya.

Ramatu ta rataya zana a bakin zaure. Awaki suna shiga, ruwan sama yana shiga. Haka yaran suka tashi.

Ƙaninta Aƙilu mai fenti ne. Aiki ya kai shi wani gida a Kaduna, ya tarar da ƙyauren a jikin bangon falo, an goge shi yana sheƙi, ko huda ɗaya babu. Ya dawo ya faɗa a ƙofar masallaci bayan la'asar.

Ba wanda ya doki mutumin nan, ba wanda ya kai shi gaban alƙali. An dai daina kiransa. Kowane gida ya tuna abin da ya taɓa ce masa rubabbe ne. In ya yi sallama, a ce maigida ba ya nan. Da dillalai suka ga ba ya samun shiga, suka nemi wani. Ciwo ya kama shi, ya rame, barci ya ƙi.

Ya 'yan uwa, me ya sayar? Katako? Amanar unguwa ya sayar. Wanda aka ba ido a kan abin da mutane ba su sani ba, Allah na kallon bakinsa. Salla da azumi ba sa wanke haƙƙin wani, sai mai shi ya yafe. Allah ya kiyaye mu da cin rabon maraya, ya tsare harsunanmu.

Shi ma mutumin ya san da haka. Ya sa aka yi ƙofar ƙarfe, aka turo ta a baro, yana biye yana dogara sanda. Ya durƙusa a bakin zauren Ramatu ya ce ta dubi Allah.

Ramatu ba ta ɗaga zanar ba. Daga ciki ta amsa.

"Malam, kwashe ƙarfenka. Ban yafe ba."