Uban da Ya Kasa Yabon Ɗansa a Tambuwal

Akwai wani mahaƙin rijiya a Sanyinna, can ƙasar Tambuwal, ana ce masa Namadi. Abin da zan ba ku ya faru ne jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, zamanin Jihar Arewa.

Namadi gwani ne na gaske. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa, Malam Jumare, suna haƙa rijiyoyi suna ɗaure su da siminti, daga Jabo har Fakku. Aibinsa ɗaya ne: ya san shi gwani ne, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Wata rana labari ya iso cewa wani kamfanin ƙasar Gana ya aiko akawunsa Tambuwal yana neman ƙwararrun mahaƙa. Wanda aka ɗauka za a yi masa fasfo da izinin aiki, a kai shi Tamale. Amma da sharaɗi: sai wanda ya koya maka sana'ar ya zo da ƙafarsa ya shaide ka.

Namadi bai tsaya wata-wata ba. Ya sayar da jakinsa, ya ɗinka sabuwar riga, ya bi gida-gida yana sallama tun ba a ɗauke shi ba.

Goggonsa Atu, ƙanwar mahaifinsa, ta kira shi gefe.

"Namadi, kai na ɗan fari. Tun da anka haife ka, ka taɓa jin babanka ya faɗi sunanka? Tafi da baffanka Na'iya. Shi ma ya koya maka, kuma shi babu kunya tsakaninku."

Namadi ya kwashe da dariya. "Goggo, Baffa Na'iya? Wa yas san shi? Sunan Malam Jumare nika so su ji. Wanga batun aiki na, ba batun kunya ba."

Goggo Atu ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a."

Ran kasuwa Namadi da mahaifinsa suka iske akawun zaune a gindin ɗorawa kusa da tasha, mahaƙa sun yi layi, 'yan kallo sun kewaye. Mutumin Kumasi ne, Hausarsa ta ciniki ce, al'adun mutanen nan kuwa bai san su ba.

Da layi ya zo kansu, akawun ya dubi tsohon. "Baba, yaya sunan wannan?"

Malam Jumare ya kau da kai, yana kallon reshen ɗorawa. "Yaron nan dai."

"To, ya iya aiki?"

Tsohon ya daɗe yana jan gemu. A ransa ya san babu kamar ɗansa a duk ƙasar. Amma a al'adar gidansu, uba ba ya ambaton ɗan fari, balle ya yabe shi a bainar jama'a.

Da ƙyar ya ce, "Shina dai taɓawa."

Akawun ya ajiye alƙalami. "Mu ba masu taɓawa muke nema ba. Idan uban da ya haife ka bai yarda da kai ba, shaidar wa zan karɓa? Na gaba!"

Aka bushe da dariya. Wani ɗan Sanyinna ya ɗaga murya, "Namadi, a gaishe muna da mutanen Tamale!"

Wallahi abin da ciwo. Jaki ya tafi, sallama an riga an yi, ga sabuwar riga tana ɗaukar ido. Zuciya ta taso wa Namadi. Ya juya ya fuskanci mahaifinsa, jama'a suka yi tsit, don kowa ya san bakinsa.

Sai ya ga tsohon ya sunkuyar da kai, ya kasa duban kowa. Nan ya gane uban ya fi shi jin zafin abin.

Namadi ya haɗiye maganarsa. Ya durƙusa, ya jawo takalman da mahaifinsa ya tuɓe a gefe ya ajiye masa a gaba, ya ce a hankali, "Baba, mu tafi. Laifina na, an faɗa mani ban ji ba."

Malam Jumare ya sa takalmansa, amma bai nufi hanyar gida ba. Ya zauna nesa kaɗan har layi ya ƙare. Da la'asar ya je ya tsaya gaban akawun.

"Malam, in ba ka gaji ba, zo ka ga wani abu." Akawun ya tashi ya bi shi, Namadi na biye da su.

A bayan gari akwai wata rijiya mai zurfin gaske da ba a gama ba, Namadi ne ya ɗaure bangonta. Bube, shugaban ma'aikatan wurin, yana nan da mutanensa. Malam Jumare, wanda ya yi shekaru rabonsa da shiga rijiya saboda ciwon gwiwa, ya tuɓe rigarsa, ya ɗaura igiya a ƙugu.

Ƙarti biyu suka matso za su riƙe. Ya ture hannuwansu. Ba tare da ya dubi ɗansa ba, ya miƙa masa igiyar ta gefe, ya zura ƙafafunsa ciki.

Namadi ya kafa dugadugansa, ya naɗa igiyar a gungumen da aka gitta a bakin rijiyar, yana saki sannu-sannu, gumi na zuba, har tsohon ya ɓace a cikin duhun ramin.

Akawun ya tsorata. "Ku hana shi mana! Me yake yi haka?"

Bube ya ce, "Shaidar da kat tambaya ita ce wagga. Mu mahaƙa ba mu ba mutum igiya sai wanda munka yarda mu ba shi ranmu. Kuma bangon da yash shiga ƙarƙashinai, yaron nan yag gina shi. Da tsohon na da shakka ko ƙanƙane, da bai shiga ba."

Da aka jawo Malam Jumare, ya fito da laka har gwiwa, yana haki. Ya kakkaɓe jikinsa, ya dubi akawun.

"Ka gani. Don Allah kar ka ƙara tambaya ta."

Akawun ya ɗauko alƙalaminsa a wurin, ya rubuta sunan Namadi.

Mutane suka yi ta yi wa Namadi barka. Shi kuwa yana tsaye da igiyar a hannu, hawaye na bin fuskarsa. Ya san mahaifinsa ba shi da wani mai jiɓintar sana'ar sai shi, kuma tsohon ya san da haka lokacin da ya shiga ramin don a ɗauki ɗan nasa a tafi da shi Tamale.

Darasi: Ba duk mai ƙaunarka ne zai iya faɗa da baki ba, musamman iyayenmu. Idan babba ya ba ka shawara, ka saurara ko da kana ganin ka fi shi sani. Idan kuma rai ya ɓaci, ka riƙe harshenka, don da Namadi ya yi wa mahaifinsa tsawa a gaban jama'a, da ya rasa aikin, ya rasa albarka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu neman aiki a ƙasar waje, wanda kuma iyayensa ke raye ya je ya gaishe su yau.