Tsibirin da Ake Binne Cibiya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da kogin nan bai zama iyaka ba. Sunansa Nomau, sana'arsa fito, wato ƙetarar da mutane kogi. Mutanen ƙasar ba su taɓa bin wani sarki na nesa ba, kuma gabas da yamma da ruwan duk dangi ne. Suna da wata al'ada: in an yi haihuwa, sai a ɗauki cibiyar jariri a kwale-kwalen Nomau, a binne ta a tsibirin tsakiyar kogi, gindin tsamiya. Da safe tururi kan tashi daga ruwan, ka hangi tsibirin kamar yana shawagi a sama.

To, ku saurara. Sai mulki ya sauya. Sababbin masu iko suka tsaga ƙasar biyu, gabas daban, yamma daban. Saura tsibiri, na wa ne? Aka ce a tambayi mai fito.

Babban dattijon gabas ya same shi, ya ce, "Nomau, kai namu ne. In wakilin masu mulki ya zo, ka ce mu kaɗai ke da shi."

Nomau ya ce, "To cibiyar matarka fa, Yaya? 'Yar yamma ce. Mahaifina ya haye da ita, tana nan kwance kusa da taka."

"Ka ƙi, mu karɓe jirgin."

Jirgin nan shi ne abincinsa, shi ne gadonsa. Amma da wakilin masu mulki ya tambaye shi, cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, a tono cibiyoyin, kowa ya nuna tasa. Ni dai ƙasa ta haɗe su, na kasa bambancewa."

Wakili ya yarda da maganarsa. Ya bar tsibirin na kowa da kowa.

Aka karɓe jirgin, kuma ba a mayar masa ba. Kada ku jira in ce ya yi arziki, bai yi ba. Ya koma saƙar taru a bakin gaɓa, yana kallon wani na tuƙa jirginsa, cibiyoyi na hayewa daga gabas da yamma. Haka ya mutu.

Ga magana ƙarara: gaskiya ta fi ɓangare. Ku da kuke yanke zumunci don an sake iyaka ko an sauya jam'iyya, ku ji kunya. Mulki baƙo ne, zai tashi. Ranar da za a kira ka shaida, ba za a tambaye ka gabas ko yamma ba.